Na yi wa malamina gyara a gaban jama'a, an ce albarka ta bar ni

Wasiƙar da ta iso mana a wannan makon daga unguwar Zariya take, nan cikin Maraɗi. Mun taƙaita ta, mun kuma cire sunaye:

"Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 27. Shekara shida ke nan ina ɗaukar karatu a zauren wani malami tsakanin Magariba da Lisha. A hannunsa na sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, yanzu muna cikin Risala. Mako uku da suka wuce wani ya tambaye shi hukuncin wanda ya manta da ba'adi, wato sujadar rafkanuwa ta bayan sallama, har ya fita masallaci, Malam ya ce sallarsa ta ɓaci, sai ya sake ta. Ni kuwa na ce, a gaban kowa, ai Ahalari cewa ya yi ya yi sujadarsa ko bayan shekara ne. Malam ya rufe littafi, ya ce wanda ya ce wa malaminsa 'don me' ba ya rabauta, ya tashi karatu. Tun ranar manyan almajirai da ƙyar suke amsa gaisuwata, wani ma ya ce mini albarkar karatuna ta tafi. Akwai kuma abin da ya daɗe yana cina: shekara biyu muna ba da jika guda-guda, wato sefa dubu-dubu, kowane wata, mu kusan 40, don rufin makarantar yara, har yau ba a sa kwano ba, kuma ba mai iya tambaya. Abokaina na fada sun ce in yi murya in watsa a WhatsApp. Na yi zunubi ne? In bar zauren?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara maka son karatu.

Bari mu fara cire maka ƙayar da ta fi sukanka. A mas'alar nan kai ne a kan nassi. Ahalari ya ce wanda ya manta da sujadar ba'adi ya yi ta ko bayan shekara. Risalar da kuke ciki ta ce ya yi ta duk sa'ad da ya tuna, ko da an daɗe. Muhtasar, babban littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce ko bayan wata. Zancen fita masallaci na ƙabli ne, wato sujadar da ake yi kafin sallama: wanda ya manta da ƙabli har ya sallame, in bai daɗe ba sai ya yi ta nan take, in kuwa ya daɗe ko ya fita masallaci to sujadar ta wuce, kuma sallar ba ta ɓaci sai in sunnoni uku ko fiye ne suka jawo ƙablin, kamar kabbarori uku. Hukunce-hukuncen biyu a jere suke cikin Ahalari, shi ya sa suke saurin cakuɗewa a bakin mai amsa tambaya da ka. Mutumin da ya biya maka Ahalari daga farko har ƙarshe da wuya a ce bai san wannan ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne tuntuɓen harshe ya yi. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi zai gyara maka zama sa'ad da ka koma wurinsa: tunatarwa za ka je yi wa wanda ya sani.

Sai maganar da ya faɗa maka. Ba shi ya ƙirƙire ta ba. Tsohuwar magana ce a littattafan tasawwufi, tare da ƴar'uwarta da ke cewa muridi a gaban shehinsa kamar gawa yake a hannun mai wanka. Amma an faɗe su ne a kan tarbiyyar zuciya: shehi ya ɗora wa muridi wuridi, ko hidima, ko ya hana shi wani abu na halal don ya karya masa girman kai, sai a ce kada ya tsaya neman dalilin kowane mataki, kamar yadda maras lafiya ba ya tsayar da likita kan kowace ƙwaya. Hukuncin salla ba ya cikin wannan babi. Littafi ne a buɗe, kowa na iya dubawa. Manyan ɗariƙa da kansu sun kafa wannan iyaka. Maganar Shehu Ahmadu Tijjani sananniya ce a wurin almajiransa: in kun ji wani abu daga gare ni ku auna shi da ma'aunin shari'a, abin da ya dace ku ɗauka, abin da ya saɓa ku bar shi. Wasu kuma sukan kawo ƙissar Annabi Musa da Halliru a cikin Suratul Kahfi, inda Halliru ya ce kada ka tambaye ni komai sai na ba ka labarinsa. A karanta ƙissar har ƙarshe. Halliru ya bayyana dalilin jirgin da yaron da katangar ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce ban yi wannan da umarnin kaina ba. Ba wani malami a yau da yake da irin wannan umarni daga Allah da zai sa a daina tambayarsa.

Kada kuma ka ɗauka wannan ciwon na ƴan ɗariƙa ne kaɗai. A zaurukan Izala kalmar da ake rufe baki da ita ita ce naman malamai guba ne. Ita ma magana ce ta gaskiya, daga Ibnu Asakir aka ɗauko ta, kuma a kan cin mutuncin malamai da yi musu ƙage take. Ɗalibin da ya buɗe littafi ya ce Malam ban gane nan ba bai ci naman kowa ba. Mun faɗi wannan ne don kada ka yi zaton sauya ɓangare zai warkar da kai. A kowane ɓangare akwai malamin da tambaya ke faranta wa rai, akwai wanda take ɓata wa.

Ka duba inda wannan sujada da kuke jayayya a kanta ta samo hujjarta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sallame bayan raka'a biyu a ɗaya daga sallolin rana. Abubakar da Umar suna cikin sahu, kwarjininsa ya hana su magana. Wani sahabi da ake kira Zul-Yadaini ya ce: ya Manzon Allah, an rage sallar ne ko kuwa ka manta? Ya ce ban manta ba, kuma ba a rage ba. Da ya ji mutumin ya tsaya a kan maganarsa sai ya juya ga jama'a ya tambaye su ko haka ne, suka ce haka ne. Ya cika abin da ya rage, ya sallame, ya yi sujada biyu. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Bai tashi majalisi ba, bai ce albarka ta bar Zul-Yadaini ba, ya dai bincika, ya gyara. Nana A'isha ma, kamar yadda yake a Buhari, ba ta jin abin da ba ta gane ba face ta maimaita tambaya har ta gane. Saboda haka amsar tambayarka ta farko: ba ka yi zunubi ba da faɗin abin da littafi ya ce, kuma albarkar karatu ba ta hannun babban almajiri balle ya ce ta tafi.

Amma akwai inda ka yi kuskure, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Ka sake sauraron lafazin Zul-Yadaini. Tambaya ya yi, ya kuma buɗe ƙofa biyu: ko hukunci ne ya sauya, ko mantuwa ce. Kai kuwa ka ce "ai Ahalari cewa ya yi", wato ka yanke hukunci, ka bar dattijo da ƙofa ɗaya tak, ita ce ya ce na yi kuskure a gaban almajiransa, cikinsu har da yaran da ka girma. Kaɗan ne daga cikin mutane suke iya wannan a take. Shi Zul-Yadaini a gaban jama'a ya yi magana domin salla ce ba a gama ba, ba ta jira. Taka mas'alar kuwa tana iya jira har bayan Lisha.

Misalin da ya fi dacewa da kai daga cikin mazhabarmu yake. Abdullahi ɗan Wahabu, ɗalibin Imamu Malik daga Masar, ya ji an tambayi Malik game da tsettsefe yatsun ƙafa a alwala, Malik ya ce ba a ɗora wa mutane wannan ba. Ɗan Wahabu yana da hadisi a kan mas'alar, amma ya yi shiru. Ya ce: na bar shi har mutane suka ragu. Sannan ya matsa ya ce muna da sunna a kan wannan, ya kawo hadisin Mustauridu ɗan Shaddadu da isnadinsa, cewa ya ga Manzon Allah yana cuɗa tsakanin yatsun ƙafarsa da ƙaramin yatsa. Malik ya ce wannan hadisi ne mai kyau, ban taɓa jin sa ba sai yanzu. Daga baya aka ji ana tambayarsa yana umarni da a tsettsefe. Ibnu Abi Hatim ne ya kawo labarin. Ka lura da abin da ɗalibin ya yi: ya jira, ya zo da hujja a cike, kuma bai nemi a ce shi ne ya gyara ba. Ka lura kuma da abin da malamin ya yi. Da waɗannan biyun za ka auna kanka, ka auna Malam.

To ga yadda za ka koma. Kada ka ƙara barin mako ya wuce, uku ɗin ma sun yi yawa, domin shirun nan ana fassara shi da girman kai, kuma masu kai-komo da magana suna samun fili. Kada ka je lokacin karatu. Ka je gidansa da hantsi ko bayan La'asar, sa'ad da zaure ya yi sauƙi. In ka san akwai dattijon da Malam ke jin nauyinsa, kamar ladan ko wani aminin mahaifinka, ka roƙe shi ya raka ka, mutum ɗaya kawai. Kada ka ɗauki ɗaya daga manyan almajiran da suka juya maka baya, kada kuma ka ɗauki abokin fada. Ka riƙe ɗan abin gaisuwa gwargwadon ƙarfinka, goro ko turare. Salula ta zauna a aljihu a kashe. In Malam ya hango ta a hannunka zai ɗauka naɗar murya kake, kuma daga nan zancen ya mutu.

Ka durƙusa ka gaisa kamar kullum. Ka fara da naka laifin, ka kuma faɗe shi daidai: "Allah gafarta Malam, na zo neman afuwa. Na yi magana a gaban jama'a ba tare da izini ba, ban kyauta ba." Iyakar abin da za ka nemi afuwa a kai ke nan. Kada ka ce abin da na faɗa ƙarya ne, domin ba ƙarya ba ne, kuma mai neman shiri da ƙarya gobe ma sai ya sake ta. In ka ga fuska ta saki, sai ka fito da Ahalarinka, wanda ya biya maka, da alama a shafin, ka ce: "Allah gafarta Malam, nan ne ya rikice mini. A sake biya mini, in gane bambancin wanda ya manta ƙabli da wanda ya manta ba'adi." Ka miƙa littafin, ka yi shiru. Bari idonsa ya gaya masa. In fuska ba ta saki ba, ka tsaya a neman afuwa, ka bar littafin sai zuwa na biyu bayan kwana uku ko huɗu. Inda mutane suka fi ɓata wannan zama wuri biyu ne: su zo da littattafai uku da muryar wani malami daga salula kamar masu shiga muƙabala, ko kuma su ga Malam ya sauko sai su ƙara da "ai dama na faɗa".

Abin da zai biyo baya shi zai amsa maka tambayar barin zaure. Malami na iya karantawa ya ce gaskiyarka, harshe ne ya zame. Wannan ka riƙe shi hannu biyu. An ruwaito cewa an yi wa Malik tambaya 48, ya ce ban sani ba a 32 daga ciki, kuma darajarsa ba ta ragu da ƙwayar gero ba. Ya fi yiwuwa kuma, a irin tarbiyyarmu, ba zai ce maka komai ba, sai dai bayan kwana biyu ka ji ya dawo da babin rafkanuwa cikin karatu ya faɗi daidai, bai ambaci sunanka ba. Wannan ma komawa ce ga gaskiya. Ka karɓe ta, kada ka nemi ƙari, kada ka kalli kowa ka yi murmushi. Zai iya cewa akwai wani ƙauli. Sai ka ce a taimaka mini da littafin in ƙaru, ka ba shi lokaci. In akwai zai nuna maka, ka ƙaru da gaske, in babu shi ma ya sani.

Wanda muke jin tsoro shi ne na ƙarshe: ya ƙi duban littafin sam, ya mayar da zancen kan waye kai da za ka tambaya, ya yi maka barazana da baki, ya hana ka sauraron kowane malami in ba shi ba, ko ka gane da yardarsa ake ƙaurace maka. Fushin rana ɗaya halin ɗan Adam ne, ana yafe wa malami shi kamar yadda ake yafe wa uba. Amma in waɗannan suka zama ɗabi'a, to zauren ya daina koyar da littafi, ya koma koyar da tsoron mutum, kuma wannan yana lalata ɗalibi fiye da kuskure ɗari a fiƙihu. Saɓa wa malami ba ya kashe girmamawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru a kan kafirta mai manyan zunubai, ya rubuta hakan a fili, duk da haka ya kira kansa igiyar ruwa ɗaya daga igiyoyin Jibrilu.

Wani abu da kada ya sha maka kai: mutumin da ya yi tambayar ya tafi da amsar da ba daidai ba. In Malam ya gyara a majalisi, shi ke nan. In bai gyara ba, ka sami mutumin shi kaɗai ka nuna masa shafin, ba tare da ka ce uffan a kan Malam ba.

Yanzu kuɗin rufi. Kada ka kuskura ka haɗa shi da zancen ba'adi a zama ɗaya, ko a wata ɗaya ma. In ka haɗa, za a ce dama da manufa ka zo, kuma duka biyun za su faɗi. Ba kai ne kuma ya kamata ka ɗauko shi ba a yanzu da ake ganinka da tabo. Mu yi lissafi: mutum 40, jika guda, wata 24, jika 960 ke nan, kusan miliyan ɗaya na sefa. Amma wannan in kowa ya biya kowane wata ne, abin da ba ya faruwa a irin wannan karo-karo. Wani ya biya wata biyar ya daina, wani ya tafi ci-rani. Ba ka san abin da ya shiga ba, don haka ba ka da hujjar cewa an ci. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne kuɗin suna shiga aljihu ɗaya da na cefanen almajirai da maganin yaro maras lafiya da baƙin da ke sauka, ba a rubuta komai, sai a wayi gari babu. Sau da yawa ba sata ba ce, amma duk da haka ba daidai ba ne, domin abin da aka tara don rufi ba a juya shi zuwa wata buƙata sai da yardar masu bayarwa.

Tambayar lissafi ba rashin ladabi ba ce. Manzon Allah ya yi wa Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka, lissafi da ya dawo. Shi da kansa, da wasu sahabbai biyu suka gan shi da mace da dare, ya tsayar da su ya ce Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu zato. Malamin da ya buɗe lissafi kansa ya kare.

Hanyar da take aiki ita ce dattawa biyu ko uku daga masu bayarwa su je wa Malam da tayin sauke masa nauyi, su ce aikin ya yi masa yawa ga karatu, a naɗa mutum uku: mai ajiya, mai rubutu, da dattijo mai sa ido. A sayi littafi guda a ja layi huɗu: rana, suna, abin da ya shiga, abin da ya fita. Kada kuɗi su fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma duk abin da aka saya a liƙa takardarsa. A kira kafinta ya auna ɗakin ya rubuta yawan kwano da katako da ƙusa da kuɗin aiki, a sa wa'adi kafin ruwan farko na damina, a riƙa karanta lissafi sau ɗaya a wata bayan karatu. Na baya kuma a tambaya da lafazi mai sauƙi: me ya rage a hannu, mu ɗora a kai? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In an ƙi wannan tayin ma, kana da damar dakatar da jikarka, sadaka ce ba farilla ba. In kana son ladan rufin, ka tara ka sayi kwanon da kanka ka kai.

Muryar WhatsApp kuwa, kada ka yi ta. Abin da kake da shi a kan kuɗin zato ne, kuma murya in ta fita sai ta kai Tibiri da Madarunfa da Tasawa kafin ka gama shan shayi, an yanke farkonta, an ɗora mata hoton Malam. Ba ta dawowa. Malamai irin su Imam Nawawi sun ambaci wuraren da aka halatta faɗin aibin mutum, daga ciki akwai neman fatawa, kamar yadda ka yi da mu, da kai kuka ga wanda zai iya gyarawa. Rukunin mutum ɗari biyu da ba su iya gyara komai ba ya cikin wannan. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda take hukunta ɓata suna ta salula a nan Nijar. Kana iya wayar gari kai ne a gaban hukuma, rufin kuma yana nan yadda yake.

In ka bi duk wannan ka ga ƙofa a rufe take, ka tafi, ba laifi a kanka. Malaman da muke karanta littattafansu kowannensu ya zauna gaban malamai da yawa. Amma kada ka sulale. Ka je ka yi sallama, ka gode masa da littattafai ukun da ya sauke maka, ka roƙi addu'arsa. In ya yi, madalla, in ya ƙi, ka sauke naka. Ka ci gaba da gaishe shi a hanya, ka je masa barka da salla, in an yi masa rasuwa ka je ta'aziyya. Kafin ka zauna a sabon zaure ka halarta sau uku ko huɗu kana saurare kawai, ka ga abin da malamin ke yi in an tambaye shi abin da bai sani ba, da yadda yake ambaton malaman da suka saɓa masa. In ya tambaye ka me ya raba ka da na farko, ka ce ƙarin karatu kake nema, ka faɗa masa babin da ka tsaya a Risala, a ɗora maka daga nan.